Takwara a cikin kanti: idan kwamfuta biyu suka ɗauki suna guda, lissafin ɗan kasuwa ne ke shan wuya

Duk wanda ke shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a birnin Yamai, ya san cewa manyan kantuna da yawa sun daina dogara ga littafi da biro kaɗai. Mai saida kaya sari yana da kwamfuta a wurin karɓar kuɗi, yana da wata a magaza, ga kuma wata a ofis inda mai lissafi ke zama. Haka abin yake a farmasi, da wuraren saida tikitin mota, da ofisoshin aika kuɗi. Ana haɗa waɗannan na'urori da waya ko da wifi domin su riƙa magana da juna, shi ne abin da muke kira rezo. A tsakiyarsu akwai babba guda da ke riƙe da dukan lissafi, wadda masu gyara ke kira sarba, mu kuma a nan za mu kira ta uwar garke.

A yau muna son mu ja hankalinku kan wata matsala da ba ta da girma a ido, amma tana iya tsaida ciniki yini guda, ta rikita littafin bashi, har ta sa a zargi yaron kanti da abin da bai yi ba. Matsalar ita ce kwamfuta biyu su kasance da suna iri ɗaya a cikin rezo guda. Maganinta ba ya cin ko tamma, matuƙar an gane ta da wuri kuma an san wadda ya kamata a sake wa suna.

Kowace kwamfuta da sunanta

Yadda ake raɗa wa jariri suna ranar bakwai, haka kowace kwamfuta ke samun suna ranar da aka zuba mata Windows. Idan mai zubawa bai zaɓa ba, Windows 10 da Windows 11 su kan laƙa mata nasu, wanda sau da yawa ke farawa da DESKTOP ko LAPTOP, sannan wasu haruffa da lambobi na cakuɗe su biyo baya. Da wannan suna ne sauran na'urori ke nemanta. Kwamfutar wurin karɓar kuɗi ba ta san fuskar uwar garke ba, ba ta san a wane ɗaki aka ajiye ta ba. Abin da kawai aka rubuta mata shi ne: in za ki ajiye ciniki, ki kai wa mai suna kaza.

A gidajenmu, idan Amina biyu suka haɗu, ba a rasa dabara. Sai a ce Amina Babba da Amina Ƙarama, ko a bi su da laƙabi, kuma ko an kira ɗaya ɗayar ta amsa, ana ganin fuska a gane. Na'ura ba ta da wannan wayo. Tsarin sunaye da Windows ya gada, mai suna NetBIOS, an ƙirƙiro shi tun 1983 domin ƙananan rezo na kamfanin IBM, kuma dokarsa mai sauƙi ce. Duk kwamfutar da aka kunna sai ta yi shela a cikin rezo cewa za ta ɗauki suna kaza. In ba wanda ya tanka, sunan ya zama nata. In kuwa wata ta riga ta, sai waccan ta mayar da amsa cewa sunan yana da mai shi, ta biyun ta rasa damar amfani da shi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

A nan ne abin ke rikita mutane, domin wadda ta fara tashi ita ke riƙe sunan. Mu kuma mun san halin kuran a garuruwanmu, musamman lokacin zafi. Yau an ɗauke wuta an maido, wannan ta riga tashi, komai na tafiya daidai. Gobe an sake ɗaukewa, waccan ta riga, sai aiki ya tsaya. Shi ya sa za ka ji mai kanti na cewa na'urarsa tana da aljanu, ran nan lafiya lau, ran nan ta ƙi.

Daga ina takwarar ke fitowa?

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi yawa, ita ce kwafar diski. Mai gyara da aka ba kwamfuta biyar ya shirya ba zai so ya zauna yana zuba Windows da manhajoji ɗaya bayan ɗaya ba. Sai ya shirya guda, ya kwafe diskinta baki ɗaya ya zuba wa sauran. A shekarun 2000 da Norton Ghost aka fi yin wannan aiki, har masu gyara suka mayar da sunan ya zama sunan aikin. Yanzu akwai Clonezilla da Acronis da makamantansu. Aikin yana da sauri, to amma kwafin yana tafiya da komai, har da sunan. Kwamfuta biyar sai su fito da suna guda.

Hanya ta biyu ita ce na'urorin hannu, wato waɗanda aka riga aka yi aiki da su a Turai ko aka sayo a kasuwannin Kano da Legas. Mai saidawa ya kan zuba musu kwafi guda kafin ya jera su a kanti. Wanda ya sayi ɗaya ya kai gida ba zai ga wata matsala ba. Wanda ya sayi uku ya haɗa su a rezo guda, shi ne zai gani.

Hanya ta uku ita ce sunayen da kowa ke so. Mai gyara na farko ya zo ya sa wa kwamfuta CAISSE. Bayan shekara an ƙaro wata, wani mai gyaran daban ya zo, shi ma ya sa mata CAISSE, domin bai tambaya ba kuma ba wanda ya rubuta na farko. A lura cewa na'ura ba ta bambanta manyan haruffa da ƙanana a nan, saboda haka caisse da CAISSE duk abu ɗaya ne a wurinta.

Hanya ta huɗu tana da ɓoyayyen tarko. Tsarin NetBIOS haruffa 15 kawai yake karantawa daga cikin sunan. A ɗauka an sa wa ɗaya KANTI-ALHAJI-KUDI1, ɗayar kuma KANTI-ALHAJI-KUDI2. A idon mutum sun bambanta, amma idan aka ƙirga haruffa 15 na farko, dukansu KANTI-ALHAJI-KU ne. Lambar da ta raba su ta faɗa waje. Haka kuma bai kamata sunan kwamfuta ya zo ɗaya da sunan rukunin da aka sa na'urorin kantin a ciki ba, wanda Windows ke kira WORKGROUP in ba a canza shi ba.

Hanya ta biyar ita ce mafi haɗari, wato dawowar tsohuwar uwar garke. Wannan ya fi faruwa a lokacin canjin na'urori, kuma muna cikin irin lokacin, tun da kamfanin Microsoft ya tsaida tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a 2020 da Windows XP a 2014. Da yawa daga cikin tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, dole a sayi sababbi.

Yadda lissafi ke rabuwa biyu

Bari mu kawo misali. Wani mai saida shinkafa da mai da sukari sari ya sayi sabuwar uwar garke. Mai gyara ya kwafe tsohuwar ya zuba a sabuwar, da sunanta da lissafinta duka, domin kada sauran kwamfutoci su sha wahalar nemanta. Wannan dabara ce mai kyau. Tsohuwar aka ɗauke aka ajiye a magaza. Bayan wata biyu, ana bukatar ƙarin na'ura, sai wani ya ce ai ga waccan tana zaune, ya share mata ƙura ya jona ta da rezo. Yanzu kantin yana da uwar garke biyu masu suna guda, kowace da littafinta: ɗaya na yau, ɗaya na wata biyu da suka wuce.

Daga ranar, kwamfutar wurin karɓar kuɗi tana iya kai ciniki wani lokaci ga sabuwa, wani lokaci ga tsohuwa, gwargwadon wadda ta amsa sunan. Hajiya mai tebur ta zo da safe ta biya jika hamsin daga cikin bashinta, aka rubuta a tsohuwar. Da yamma mai kanti ya buɗe sabuwar, ya ga bashin yana nan bai ragu ba. Ko kuma na'ura ta nuna akwai buhu ɗari a magaza, alhali an sayar da rabi tun watan jiya. To wa za a fara kallo? Yaron da ke karɓar kuɗi, ko mai riƙon mabuɗin magaza. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle a nan da ba wanda ya taɓa ko dala.

Manhajojin lissafin ciniki, irin su Sage da ƴan kasuwarmu suka fi sani da Saari, da sauran waɗanda ake rubutawa a nan gida, galibi da suna ko da lamba suke neman uwar garke. Laifin ba nasu ba ne. Inda aka nuna musu nan suke zuwa.

Alamomin da ya kamata a lura da su

A zamanin Windows XP, saƙo ya kan fito a allo da Faransanci ko Ingilishi yana cewa akwai suna biyu iri ɗaya a rezo. Sababbin Windows ba kullum suke faɗa a fili ba. Wani lokaci sai an je buɗe dosiyen da aka raba sannan a ga kuskure mai lamba 52, wanda ma'anarsa ke nan. Wani lokaci kuma sai mai gyara ya buɗe littafin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, wanda ake kira Observateur d'événements, ya tarar da lamba 4319 daga NetBT.

Ga wanda ba mai gyara ba, alamomin su ne: dosiye ya buɗe yau ya ƙi gobe ba tare da an taɓa komai ba, na'urar buga takarda ta daina amsawa, ko faktir ya ƙi fita, a buɗe dosiye a tarar da tsofaffin takardu maimakon na jiya, kwamfuta ta riƙa neman kalmar sirri tana ƙin wadda aka san daidai ce, a cikin jerin na'urorin rezo a ga huɗu alhali biyar ne a kunne. Babbar alama kuma ita ce matsalar ta fara ne bayan an kawo sabuwar na'ura, ko wata ta dawo daga wurin gyara.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Akwai wata matsala mai kama da wannan, wato kwamfuta biyu su samu lambar IP guda. Idan suna kamar sunan mai rumfa ne, lambar IP kamar lambar rumfar ce a kasuwa, irin 192.168.1.10. Akwatin rezo ne ke raba waɗannan lambobi da kansa, amma idan wani ya rubuta wa na'ura lamba da hannu, akwatin kuma ya bai wa wata irin lambar, sai su yi karo. Canza suna ba ya maganin wannan, lambar za a gyara. Haka nan, ba duk lokacin da aka ce maku babu rezo a wurin aika kuɗi ne takwara ta jawo ba, sau da yawa layin intanet ne ya yanke.

Yadda ake gano ta

Abu na farko, kada a yarda a goge kwamfuta a sake zuba Windows tun ba a bincika ba. Wasu masu gyara da sun ji matsala sai su ce cuta ce ta shiga, a goge. In aka goge wadda ke ɗauke da rabin lissafi, an yi asarar da ba ta dawowa.

Na biyu, a ɗauko takarda a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. A kan kowace, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, a danna Entrée. Wani baƙin allo zai buɗe, a rubuta hostname. Sunan na'urar zai fito, a kwafe shi a takarda. Wannan aiki ko ɗan lakkal zai iya yin sa, kuma ba ya ɓata komai. Idan an gama, a kwatanta sunayen, a kula da haruffa 15 na farko.

Na uku, kada a manta da waɗanda ba a gani. Ƙaramar kwamfutar mai lissafi da yake zuwa da ita a jaka ya jona ta da wifi, da tsohuwar da ke ƙarƙashin tebur, da na'urar ajiyar hotunan kamara, duk suna iya zama a rezo da sunayensu. Akwatin rezo yana da shafin da ke nuna duk abin da ya jonu da shi, mai gyara ya buɗe a duba tare.

Na huɗu, akwai gwaji mai sauƙi. A cire wayar rezo daga uwar garke, a kashe mata wifi in tana da shi, sannan a sake kunna wata kwamfutar a nemi uwar garken da sunanta. Idan har wani abu ya amsa, to akwai takwara a gidan. Mai gyara zai iya rubuta nbtstat -n a baƙin allo ya ga ko an yi wa sunan alamar karo, ko nbtstat -a haɗe da sunan, wanda zai nuna masa lambar katin rezo ta na'urar da ta amsa. Wannan lamba da ake kira MAC daga masana'anta take zuwa, kwafar diski ba ta canza ta, da ita ake bambance tagwaye.

Wadda za a sake wa suna

A nan ne ake son natsuwa. Ƙa'idar ita ce baƙuwa ake sake wa suna, uwar garke ta gaskiya a bar ta da nata. Dalili kuwa, duk sauran na'urori da manhajar lissafi da na'urar buga takarda da sunanta suka san ta. In aka canza mata, kowace hanya da ke zuwa wurinta ta yanke, sai an bi an gyara su ɗaya bayan ɗaya, ciniki kuma yana tsaye.

Kafin a taɓa komai, a jira a tashi daga kasuwa, a kwafe lissafin a ajiye a wani diski na waje. A cire baƙuwar daga rezo. A Windows 10 da 11 ana shiga Paramètres, sai Système, a nemi shafin bayanin na'ura inda aka rubuta Renommer ce PC. A rubuta sabon suna, a kashe a kunna. Sauran kwamfutocin ma a sake kunna su, domin su kan riƙe tsohon bayani na ɗan lokaci.

Idan an tarar lissafi ya riga ya rabu biyu, kada a goge ko ɗaya. A ajiye duka biyun, a zauna da mai lissafi da rasitai na takarda, a gano cinikin da ya faɗa tsohuwar a mayar da shi sabuwar. Aiki ne mai cin lokaci, amma da shi ake wanke wanda aka zarga.

Ga manyan kamfanoni da asusun ajiya da bashi masu na'urori da yawa, akwai tsarin da ake kira domen, wanda ya ginu kan Active Directory tun Windows 2000. A can uwar garke tana riƙe da rajistar kowace kwamfuta, da wata kalmar sirri tsakaninsu da ke sauyawa da kanta, bisa al'ada duk kwana 30. Idan sabuwa ta shiga da sunan tsohuwa ta karɓe mata gurbi, tsohuwar sai ta wayi gari uwar garke ta daina amincewa da ita, ma'aikaci ya kasa shiga. Wannan gyara na mai kula da rezon ne, kada kowa ya sa hannu.

Akwai kuma wani abin da ya kamata masu gyaranmu su sani. Bayan suna, kowace Windows tana da wata lambar shaida ta ciki mai suna SID, kuma kwafar diski tana tafiya da ita. Shekaru da dama ana ganin wannan ba ya cutarwa a ƙananan rezo. To amma a 2025 Microsoft ya sanar cewa sababbin gyare-gyaren Windows 11 da Windows Server 2025 suna ƙin amincewa tsakanin na'urori masu SID guda, har raba dosiye ya gagara. Ke nan canza suna kaɗai ba ya wadatarwa ga na'urorin da aka kwafa. Hanyar da kamfanin ya tanada ita ce a bi da Sysprep, wani kayan aiki da ke cikin Windows, kafin a ɗauki kwafin, domin kowace ta tashi da shaidarta da sunanta.

Rigakafi ya fi magani

Shawararmu ga masu kantuna ita ce a buɗe shafi guda a littafi domin na'urori. A rubuta sunan kowace, da inda take, da ranar da aka kawo ta, da wanda ya shirya ta. A manna takarda mai sunan a jikinta. A zaɓi gajerun sunaye da ba su wuce haruffa 15 ba, a sa abin da ke bambanta su da wuri, kamar KES1, KES2, MAGAZA1, ko MDI-KES1 da ZR-KES1 ga mai reshe a Maraɗi da Damagaram. A yi amfani da haruffan boko na yau da kullum da lambobi da ɗan layin tsakiya kawai, ban da sarari, ban da haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ. Sunan da aka taɓa bai wa wata kada a bai wa sabuwa sai an tabbata tsohuwar ta bar rezo har abada. Tsohuwar uwar garke kuwa, ranar da aka sauke ta a rubuta a jikinta da manyan haruffa cewa kada a jona.

In mai gyara ya kawo na'ura, a tambaye shi kafin ya jona: wane suna ka sa mata, kuma kwafi ce ko zubi daga farko? Mai gyara na kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku kuma iyayenmu mata masu ɗaukar kaya bashi a wurin ƴan sari, duk lokacin da kuka biya, ku karɓi rasit na takarda mai kwanan wata, ku adana shi har a rufe lissafi. Kada ku wadatu da an ce an shigar a na'ura. Ranar da kwamfuta biyu suka yi gardama kan suna, wannan ƴar takarda ce za ta tsaya maku shaida.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kare mu daga asara da zargin juna.